Taimako Ne, Ko Shaidar Zur?

Akwai wani saurayi ɗan kudancin Kaduna wanda a farkon shekarar 2024 yake ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'ar gwamnatin tarayya. Karatun shekara huɗu aka ɗauke shi ya yi, amma ga shi cikin ta shida, ba kuwa domin ya taɓa faɗuwa ba. Annobar korona da yajin aikin malaman jami'a sun cinye masa kusan dukan shekarar 2020, sa'an nan wani yajin ya sake rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba na 2022. Dukan iyayen da suke da ɗa ko 'ya a jami'a cikin waɗannan shekaru sun san abin da wannan yake nufi: kuɗin haya yana tafiya, yaro yana girma a gida, ranar gamawa kuwa tana ta ja da baya kamar kasuwar da ake hange daga kan tudu.

Ranar wannan saurayi takan fara ne sa'ad da ta sauran mutane take ƙarewa. A unguwar da yake haya wuta ta fi zuwa da tsakar dare, batirin kwamfutarsa kuwa ya daɗe da mutuwa, saboda haka in ƙwan lantarki ya haska da ƙarfe ɗaya sai ya tashi ya zauna. Kwamfutar tsohuwa ce, mahaifiyarsa ta saya masa da kuɗin adashin da ta kwasa. A kanta yake gina aikinsa na kammala digiri, wanda ɗalibai suke kira furojet: manhaja ce ta ajiye bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, wadda za ta yi aiki ko da babu intanet. Tunanin ya zo masa ne ran da ya raka kakarsa asibiti, aka shafe fiye da sa'a guda ana tonon katinta cikin kwalaye. Yakan yi dare biyu yana neman kuskure ɗaya, ya tarar a ƙarshe alama guda ce ya manta bai sa ba. Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba zai yi mamakin ganin babban mutum yana murna shi kaɗai da ƙarfe huɗu na asuba saboda waƙafi.

Da rana yana aji. Da yamma yakan kafa ƙaramin tebur a ƙofar ɗaki yana canja gilashin waya, yana gyara bakin caji. Ran Lahadi shi ne a bayan majami'a wajen na'urar sauti, bayan an tashi sujada kuwa iyaye mata sukan kewaye shi da wayoyinsu, wannan ta ce hotunan jikokinta sun ɓace, waccan ta ce tata ta daina ƙara. Ba ya karɓar ko kwabo a wurinsu. Ya kamata a faɗi wannan tun da wuri, domin kada mai karatu ya ɗauka labarin mugun yaro ne ake ba shi.

Mahaifinsa manomin citta ne. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gidaje da yawa suka rasa amfanin shekara har da irin shuka. A wannan shekara kuma, ran 29 ga Mayu, aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura zuwa wajen 500, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Abin da ake aiko wa saurayin daga gida ya tsaya cak. Bai yi gunaguni ba, gama ya ga idon mahaifinsa da ya je hutun Kirsimati.

A nan ne wata ƙofa ta buɗe masa. Wani ɗan ajinsu ya kawo manhajarsa ya ce a duba masa inda ta ƙi aiki. Ya duba, ya gyara, aka saya masa shayi da burodi. Bayan mako biyu mutumin ya dawo ya ce a ƙarasa masa sashen da ya rage, ya ajiye kuɗi a kan tebur. Na biyu da ya zo bai ma kawo komai ba sai sunan aikin a rubuce a 'yar takarda. Kafin watan Maris saurayin ya rubuta wa mutum biyu aikinsu tun daga farko har ƙarshe, ya kuma karɓi kafin alkalami na mutum na uku. Da kuɗin ya biya haya, ya aika wa ƙanensa kuɗin jarrabawa. In an tambaye shi ranar da ya ƙetare iyaka ba zai iya nunawa ba, domin tsakanin gyara kuskure da rubuta aiki duka babu shinge, gangara ce kawai.

Sai ga wata yarinya 'yar garinsu, ɗiyar aminiyar mahaifiyarsa, wadda ita ma take ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu. Aikin da aka ba ta shi ne ta gwada ruwan rijiyoyi 30 a wata unguwa ta bayan gari, ta ga ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki. Kowace rijiya tana bukatar kwalba mai tsabta, da sinadarai, da kuɗin mota. Gidansu ita ma citta suke nomawa. Ta gwada biyar, kuɗi ya ƙare. Ta zo da littafinta ta zauna a kan benci ta ce, "Yaya, ka cika mini sauran 25 ɗin. Kai ka san yadda lambobi suke tafiya, ba wanda zai gane."

Gaskiya ta faɗa. Cikin minti goma sha biyar zai iya rubuta 'yar manhajar da za ta haifo lambobi 25 masu kama da biyar ɗin nan na gaskiya, wasu sama kaɗan, wasu ƙasa kaɗan, da ɗaya ko biyu da suka kauce domin abin ya yi kama da na duniya. Jahili in ya yi ƙarya da lambobi akan kama shi, gama lambobinsa sukan yi kyau fiye da kima. Ilimin da aka sayar da citta aka biya masa shi ne zai sa ƙaryarsa ta fita sumul. Da dare mahaifiyarsa ta buga waya. "Ɗana, 'yar'uwarka ta ce ta zo wurinka. Ka taimake ta mana. In ka ƙi, da wane ido zan dubi uwarta?" Ita a zatonta buga rubutu ne a kwamfuta.

To, mene ne laifi a ciki? Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, gama masu cewa babu laifi ba wawaye ba ne, hujjarsu kuma daga al'ada mai kyau suka ɗauko ta. Mutanen karkara sun san gayya. Gonar mutum ta fi ƙarfinsa, sai ya kira 'yan'uwa da maƙwabta, su taru su nome masa ita rana ɗaya, hatsin da ya fito kuwa nasa ne, ba wanda zai ce ya yi sata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In haka ne a gona, me ya sa zai zama zunubi a makaranta? Mai ƙarfi ya ɗauki nauyin marar ƙarfi, ai wannan shi ne zumunci.

Amma gayya da rana tsaka ake yin ta, da kiɗa da waƙa, gari duka ya san gonar wane ake nomewa. Mai gonar ba ya zuwa kasuwa ya rantse cewa shi kaɗai ya yi kunyoyin nan. Aikin da ake roƙon saurayin nan kuwa dukan amfaninsa yana cikin ɓoye shi. Ran da aka san shi ya yi, ran nan aikin ya zama banza. Taimakon da ba zai iya jure a ambace shi a gaban mutane ba, lalle akwai abin dubawa game da shi.

Akwai kuma bambanci na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Abin da ake nema a gona hatsi ne, kuma hatsi bai damu da hannun da ya shuka shi ba. Abin da ake nema a makaranta mutum ne. Littafin nan mai baƙin bango da ɗalibi yake miƙawa a ƙarshen karatu, yawancinsa a kan kanta zai ƙare yana shan ƙura. Jami'a ba domin tana bukatarsa take neman sa ba. Tana neman sa ne domin wahalar yin sa ita ce take mai da ɗalibi ma'aikaci. Wanda aka yi wa aikin ya sami littafin, ya rasa abin da littafin yake tsayawa a madadinsa. Kamar mutum ne ya biya wani ya ci masa abinci.

Sunan abin da ake bayarwa a ƙarshe ma ya isa ya faɗakar. Takardar shaida ake ce da ita. Shaida ce jami'a take bayarwa ga mutanen da ba su san ɗalibin ba, cewa ta gwada shi ta ga ya iya. Mai asibitin da zai ɗauke shi aiki, da hukumar makarantar da za ta ba shi aji sa'ad da ya je hidimar ƙasa, ba su da wata hanyar sanin abin da ke kansa sai wannan takarda. Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur, mutane da yawa kuwa sukan ɗauka sai a gaban alƙali ake karya ta. Wanda ya rubuta wa wani aikinsa ya sa jami'a ta yi shaidar zur ba da saninta ba, a kan maƙwabcin da bai riga ya sadu da shi ba. Wannan maƙwabci ba ya ɗakin sa'ad da ake ciniki. Ba ya kuka a kan benci, ba shi da uwar da za ta buga waya. Shi ya sa yake da sauƙin mantawa.

A batun yarinyar nan maƙwabcin yana da gida, yana da rijiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samun ta alama ce cewa bayan gida ya sami hanyar shiga ruwan. Ta wannan hanya kwalara take yaɗuwa. A shekarar 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu. Sanin da duniya ta yi cewa ruwa ne yake ɗauke da cutar, da ƙafa aka samo shi. A shekarar 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, har lissafinsa ya nuna famfo ɗaya a titin Broad, hukuma ta cire hannun famfon. Da ya zauna a ɗaki ya cika takardarsa da lambobi masu kama da gaskiya, da babu famfon da za su nuna.

Wani zai ce, ai ba wanda zai karanta furojet ɗin yarinyar, balle ya rufe rijiya ko ya bar ta a buɗe saboda shi. Mai yiwuwa haka ne. Amma ɗaliban baya sukan ɗauko na gaba su dogara a kai, lambar ƙarya kuwa in ta shiga littafi ba ta da tabon da za a gane ta da shi. Ko da ma ba a taɓa buɗe littafin ba, ita yarinyar za ta fita da darasi guda da ta koya sosai, watau in kayan gwaji sun ƙare ana iya cika fom. Wata rana za ta zauna a ɗakin gwaji na asibiti, jinin yaron wani yana gabanta, sinadari ya ƙare, layi ya yi tsawo.

Akan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Karin magana ce mai kyau, amma iyaye su yi hankali da dogara gare ta wajen tarbiyya, gama yaran yanzu suna da ido. Sun ga waɗanda suka sayi aiki sun sa rigar yaye, sun sami aiki, sun yi aure, ramin kuwa bai ƙure ba. Wanda aka koya wa gaskiya domin tsoron kamu kaɗai, ran da ya tabbata ba za a kama shi ba gaskiyarsa ta ƙare. Saurayin nan kuwa ya tabbata. Abin da ya hana shi barci a daren nan ba tsoron malamai ba ne.

Akwai wata ƙaya kuma da take sukar lamirinsa. Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, shi kansa yakan tambayi na'urar in manhajarsa ta cije, ta nuna masa inda ya kauce, wani lokaci ma ta rubuta masa layuka ya ɗauka. In shi yana karɓar taimakon na'ura, da wane baki zai hana wani karɓar taimakon mutum? Ya juya wannan a ransa kwanaki. Abin da ya iske shi ne, garmar shanu ba ta hana mutum zama manomi, muddin shi ne ya san inda kunya za ta bi, ya kuma gane in ta karkace. Na'urar takan yi kuskure da cikakkiyar gaba gaɗi, har takan ƙago sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba, sai wanda ya san aikin ne zai kama ta. Ya sa wa kansa ma'auni: duk layin da ba zai iya tsayawa gaban malaminsa ya bayyana dalilinsa ba, ya kuma faɗi inda ya samo shi ba tare da kunya ba, wannan layi ba nasa ba ne. Da ya auna aikinsa da wannan mudu sai ya tarar da wurare biyu da dole ya koma ya koya. Da ya auna na mutum biyun da ya rubuta wa, ko layi ɗaya bai tsira ba.

Ya faɗa wa yarinyar ba zai yi ba. Ta dube shi ta ce, "Su da suka biya ka, ka yi musu. Ni da ba ni da kuɗi, ni ce za ka yi wa wa'azi, Yaya?"

Ba shi da amsa, kuma daidai ne ya rasa ta. Magana ce mai nauyi, gama sau da yawa tsarkin mutane a kan matalauci yake farawa. Duk da haka laifin jiya ba ya zama bashin da sai an biya shi da laifin yau. In ya yi wa biyu ƙarya, adalci ba ya nufin ya yi wa ta uku domin rabo ya zo daidai. Abin da maganarta ta ɗora masa shi ne kada ƙin nasa ya zama mai araha. Mutumin da ya ce a'a, ya kaɗe rigarsa ya tafi yana jin daɗin tsabtar hannunsa, ya bar 'yar'uwarsa da rijiya 25 da aljihu wofi, bai fi wanda ya cika mata lambobin da nisa ba. Matsalarta ta gaske kuɗi ce da tsoron malami, ƙaryar kuwa hanya ce kawai da ta hango.

A nan akwai abin da ya shafi gida. Iyaye da yawa tambaya ɗaya suke yi wa ɗalibi: yaushe za ka gama? Ba laifinsu ba ne, sun gaji, ƙanne suna jiran layi. Amma yaron da ya ji wannan tambaya kaɗai har shekara shida zai fahimci cewa takardar ake jira, ko ta wace hanya ta zo. Da wuya a ji uba ya ce, zauna ka nuna mini abin da kake ginawa. Ba sai ya gane kwamfuta ba. Manomin da ya san bambancin citta mai kyau da wadda aka jiƙa domin ta yi nauyi a buhu ya riga ya san dukan abin da ake bukata a wannan zance. Sa'ad da saurayin ya yi wa mahaifiyarsa bayani da wannan misali, ta yi shiru a waya na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce za ta yi magana da uwar yarinyar da kanta. Ba ta ce ya kyauta ba.

Ya mayar wa mutum na uku kafin alkalaminsa, ya ce in yana so su zauna tare kowace yamma ya koya masa har ya rubuta da hannunsa. Mutumin ya karɓi kuɗinsa ya nemi wani, gama masu wannan sana'a ba su da wuyar samu. Na mutum biyun farko kuwa an riga an miƙa, an sa hannu. In ya tona, ya rushe su ya rushe kansa ana saura wata biyu a gama. In ya yi shiru, takardu biyu za su fita duniya da shaidar da ya san ba gaskiya ba ce. Ya je ya sami kowannensu ya ce a shirye yake ya bi da su cikin manhajar layi layi, ko ba komai su san abin da suke ɗauke da shi. Ɗaya ya zo sau biyu. Ɗayan ya yi dariya. Har ya bar makarantar bai sami hanyar da ta wanke wannan sarai ba.

Yarinyar ta yi mako guda ba ta gaishe shi ba. Daga baya ta yarda ya raka ta wurin malamin da yake duba aikinta, ta faɗi gaskiya cewa biyar ta gwada, kuɗi ya ƙare. Malamin ya yi faɗa, sa'an nan ya ce ta kai su 12, ta rubuta a fili cewa 12 ne, ta kuma bayyana dalili. Kuɗin bakwai ɗin daga teburin gyaran waya ya fito, abin da ya sa saurayin ya yi makonni yana shan garin rogo dare da rana.

Ran wata Asabar da sassafe suka shiga unguwar, shi yana riƙe da kula mai ƙanƙara, ita tana ɗauke da kwalabe. A gida na uku wata mata mai goyo ta jawo musu guga, ta tsaya tana kallo yadda yarinyar take cika kwalba tana rubutu a jikinta. Rijiyar ba ta fi taku goma daga masai ba. Da za su fita matar ta bi su har zaure ta ce, "'Yan makaranta, in kun gwada za ku dawo ku faɗa mana? Yaran nan cikinsu ba ya zama lafiya."

Yarinyar ta buɗe littafinta, ta tambayi sunan mai gidan, ta rubuta shi kusa da lambar kwalbar.